Tsohuwar Marsandi: Tarihin Gyara da Riƙon Motar Manya da Ƙaramin Ƙarfi

Sana'ar farfaɗo da tsohuwar motar alfarma, a riƙe ta da ɗan abin da albashi ko kasuwa ke bayarwa, ta kafu a Najeriya da Nijar a kan mota guda fiye da kowace, wato Marsandi ƙirar Jamus, musamman waɗanda kamfanin Daimler-Benz ya ƙera daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1990. Akwai Volvo, akwai BMW, ana ma ganin Jaguar jefi-jefi, amma babu wadda ta tara kanikawa da dillalai da 'yan kayan gyara a kewayenta kamar Marsandi. Abin da ya jawo haka yana cikin yadda aka ƙera ta, da yadda tattalin arzikin ƙasashen nan ya juya a 1986, da kuma hanyoyin da tsofaffin motocin Turai suka bi suka iso.

Kafin 1986 Marsandi motar manya ce zalla. Sabuwa ake sayenta, yawanci ta hannun kamfanin Leventis, kuma can ake mayar da ita sabis. A watan Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, abin da ya sa motar da aka ƙera don titunan Jamus da Faransa ta dace da titin Kano ba tare da an taɓa sitiyarinta ba. Amfanin wannan canji bai fito sosai ba sai bayan shekara goma sha biyar. A wancan lokacin kuɗin man fetur da ƙarin albashin ma'aikata na Udoji sun cika birane da motoci. A cikin baƙar Marsandi aka harbe Janar Murtala Muhammad a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976, motar kuma tana nan a gidan tarihi na Onikan da ramukan harsashi a jikinta. Gwamnatin Obasanjo da ta biyo baya ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, ta mayar da Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, motar jami'an gwamnati. Marsandi ta koma hannun sarakuna da attajirai da 'yan kwangila. Masana'antar Marsandi ta ANAMMCO da aka buɗe a Inugu a farkon shekarun 1980 manyan motoci da bas-bas take haɗawa, saboda haka ƙaramar Marsandi ta ci gaba da zuwa daga waje.

A watan Janairun 1976 aka fito da samfurin da kamfanin ke kira W123, kuma shi ne ginshiƙin wannan tarihi. An ƙera kimanin miliyan 2.7 kafin a daina a 1986. A shekarun farko masu saye a Jamus sukan jira wata da watanni, har ta kai wanda ya karɓi tasa yana iya sayar da ita sama da farashin kamfani. Akwai masu shan fetur irin su 200 da 230E da 280E, akwai masu shan gas irin su 200D da 240D da 300D mai silinda biyar. Masu shan gas ɗin ba su da gudu ko kaɗan: 240D ƙarfin doki 65 take da shi da farko, daga baya 72, a jikin motar da ta kusa tan ɗaya da rabi. Abin da suke da shi juriya ce. Su ne tasin Jamus masu launin hauren giwa, kuma wani direban tasi ɗan Girka, Gregorios Sachinidis, ya yi kilomita miliyan 4.6 da 240D ta samfurin da ya gabaci wannan kafin ya miƙa ta ga gidan tarihin kamfanin a 2004. A 1977 kuma 280E ce ta lashe tseren London zuwa Sydney.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, abin da ya fi waɗannan labarai muhimmanci shi ne cewa kusan komai na motar ana iya kwance shi da sifana, a gyara, a mayar. Injin gas ɗinta ba ya buƙatar kwamfuta. Famfon Bosch ne ke tura mai zuwa nozul da ƙarfin juyawar inji, kuma da zarar ya tashi zai ci gaba da aiki ko an cire batir. Kashe shi ma da zuƙar iska ake yi: siririyar tiyo ce ke zuwa daga makulli, idan ta tsage sai direba ya zare makulli inji na ci gaba da ruri, dole ya buɗe bonet ya danna wani ɗan ƙarfe mai jan tambari da ke gefen inji. Wannan zuƙar iskar ce kuma ke kulle ƙofofi, shi ya sa tsohuwar Marsandi kan kulle ƙofa uku ta bar ɗaya a buɗe. Sarƙa ce ke juya kan inji, ba bel ba, tana kuma daɗewa, tana yin ƙara ta yi gargaɗi kafin ta tsinke. Kujerun ma sifirin ne da tabarmar zare a ƙarƙashin fata ko leda mai kauri, abin da duk mai ɗinkin kujerar mota zai iya sabuntawa. Kamfanin ya ƙera motar ne da tunanin za a yi ta gyaranta shekara da shekaru, bai san cewa mafi yawan wannan gyaran a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya za a yi shi ba.

Samfura uku suka biyo baya kafin salon ƙira ya canja. W126, babbar mota ta shugabanni, ta fito a 1979 ta kai 1991. Ƙaramar 190 ta fito a 1982. Sai W124 a ƙarshen 1984, wadda Najeriya ta sani da V-Boot saboda yankan murfin but ɗinta, mai waifa guda ɗaya da ke miƙewa tana share kusurwar gilashi. Duka ukun sun fito ne a ƙarƙashin jagoran zane Bruno Sacco. Sun fi W123 laushi da gudu da tsimin mai, sun kuma fi ta sarƙaƙiya: kowace tayar baya ta 190 da V-Boot tana rataye ne da hannuwa biyar, kowane hannu da robobinsa, injin fetur kuma ya koma tsarin injekta na Bosch mai ɗan haɗi da lantarki.

Turai ta saki waɗannan motoci ne tun suna da sauran ƙarfi. A Jamus dole kowace mota ta je binciken lafiya duk shekara biyu, kuma gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfen ƙasan mota. Motar da injinta ke lafiya lau sai ta faɗi a binciken saboda tsatsa, kuɗin aikin makaniki a can kuma ya fi darajar motar. Haraji ma ya yi ta hawa a kan motocin da ke fitar da hayaƙi mai yawa. Abin da Bajamushe ke gani a matsayin nauyi, dillali yana ganinsa a matsayin haja.

Hanya ta farko ta Sahara ce. A shekarun 1970 da 1980 matasan Faransa da Jamus da Holan sukan sayi tsohuwar Fijo ko Marsandi, su tsallaka teku zuwa Aljeriya, su bi ta Tamanrasset su faɗo Arlit da Agadas, su sayar da motar a Nijar ko su zarce da ita kudu, su koma gida a jirgi da kuɗin. Rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 suka rufe wannan hanya. A lokacin kuwa ta teku ta riga ta buɗe, ta kuma fi ta girma nesa ba kusa ba.

Abin da ya buɗe ta shi ne faɗuwar naira. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Da gwamnatin Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 ta kuma buɗe kasuwar musayar kuɗi a watan Satumba, kafin shekarar ta ƙare sai an ba da sama da naira uku a sami dala ɗaya, a 1993 kuma farashin hukuma ya kai wajen naira 22. Sabuwar Fijo ta fi ƙarfin babban ma'aikaci, balle sabuwar Marsandi. Sai kasuwar gwanjon motoci ta tashi. Ana tara motocin a unguwar Heyvaert ta birnin Brussels, inda dillalai 'yan Labanon da 'yan Afirka suka kafa sansani, a loda su a jirgin ruwa a Antwerp, a sauke a Kwatano ko Lome, inda kuɗin fito bai kai na Legas ba. Da yawa a takarda Nijar za su, a bi da su ta Gaya zuwa Birnin Ƙonni ko Maraɗi, daga nan su ɓullo Sakkwato da Katsina da Kano, wasu ta ƙofar kwastan, wasu ta daji da dare. Sunayen da aka laƙaba wa hajar, Beljiyam da 'yar Kwatano da tokumbo, duk daga wannan zamani suke. Karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta tura ma'aikatan Yamai da Damagaram cikin layi ɗaya da takwarorinsu na Najeriya.

Nan ne malamin jami'a da shugaban makaranta da ɗan kasuwar Kantin Kwari suka sami kansu a bayan sitiyarin motar da a da sai dai su hango ta a ƙofar gidan gwamna. Nan kuma suka koyi darasin da ya zama tushen sana'ar: farashin motar alfarma yana faɗuwa da shekaru, farashin kayan gyaranta ba ya faɗuwa. Fitilar V-Boot mai shekara goma sha biyar, idan sabuwa ce daga kamfani, kuɗinta na motar attajiri ne. Riƙon irin wannan mota da ƙaramin ƙarfi ya yiwu ne kawai domin an sami wata hanyar samun kaya, da kuma hannu mai arha da zai ɗaura su.

Kayan sun rabu kashi uku a bakin 'yan kasuwa. Akwai sabo na kamfani, a kwali mai tambarin tauraro, ko kuma na masana'antun da suke yi wa kamfanin tun asali irin su Bosch da Lemförder da Behr, wanda sau da yawa abu ɗaya ne a kwali daban da rangwamen kuɗi. Akwai Beljiyam, wato kayan da aka kwance daga motocin da aka yanka a Turai aka ciko kwantena da su: inji sukutum, giyabos, ƙofa, rabin gaban mota da fitilunsa. Sai sabon kaya mai arha daga Taiwan, daga baya Sin. Kasuwar Ladipo a Legas da ta Nnewi su ne manyan rumbuna, daga can kaya ke hawa zuwa Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. A Gana kuwa Suame Magazine ta Kumasi ce cibiya. Ƙwararren mai mota ya san inda kowane kashi ke da amfani. Duk abin da ƙarfe ne, Beljiyam ya fi sabon mai arha, domin tsohon hannun taya na Jamus ya fi sabon jabu ƙarko. Duk abin da roba ne, ko tiyo, ko birki, Beljiyam asarar kuɗi ce, tunda shekarun da suka kashe na motar sun taɓa wanda aka kwanto. Mai sayen inji kuma yakan nemi a buɗe murfin kai a gabansa ya ga ko akwai baƙin dasƙararren mai, a juya shi da sifana ya ji matsi, a kuma yi yarjejeniyar kwanakin da zai iya mayar da shi idan ya yi hayaƙi.

Gyaran kansa yana da tsarin da gogewa ta kafa, ko da yake yawancin masu saye sukan juya shi. Idon mai saye kan fenti yake fara sauka, alhali fenti ne abu na ƙarshe. Na farko shi ne tsatsa, domin ita kaɗai ce ke iya sa motar ta zama ba ta da gyara. A W123 ana duba ramukan sa jak guda huɗu, da ƙarƙashin mazaunin batir, da kwarin da ke bayan mariƙin bonet inda ganye ke toshe magudanar ruwa, sannan a ɗaga kafet a taɓa ƙasa a ji ko da laima. Busasshiyar iskar arewa tana tsayar da tsatsar da mota ta zo da ita, wannan ne ma ya sa motar da ta zauna a Kano takan fi ta Fatakwal lafiyar ƙashi. Amma rana tana karɓar nata kason: tana fasa dashbod, tana busar da robar gilashi, ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska cikin makonni kaɗan. Bayan tsatsa sai sanyaya inji, wato lagireto da famfon ruwa da tiyo, sai birki, sai robobin ƙafa da shokozoba, da faifan robar da ke haɗa giyabos da sandar da ke juya tayoyin baya, wanda idan ya yage a kan gudu yakan yi ɓarna mai yawa. Lantarki da na'urar sanyi suna biyo baya. Mai ƙaramin ƙarfi yakan raba wannan aiki wata-wata yana hawan motar, kuma hakan ya fi ajiye ta, domin Marsandin da ta yi shekara a tsaye takan tashi da sababbin cututtuka.

Garejin da ke wannan aiki ba mutum ɗaya ba ne. A fili guda za a sami bakanike na inji, da mai gyaran jiki da guduma da walda, da rewaya, da mai fenti, da mai kujera, kowa da rumfarsa da yaransa. Yaro yakan shiga hannun maigida yana ɗan shekara goma sha wani abu, ya fara da wanke kaya a kwanon fetur da miƙa sifana, ya yi shekaru kafin a yaye shi. Kanikawa sun rabu bisa mota: mai Fijo daban, mai Japan daban, mai Marsandi daban, kuma na ƙarshen yana ɗaukar kansa babba a cikinsu. Iliminsu na kunne ne da hannu. Akwai wanda zai ɗora dogon sukundireba a jikin inji ya kara kunnensa a ƙota, ya faɗi nozul ɗin da ke ƙwanƙwasa.

Wannan ilimi yana da iyaka, kuma iyakar ta bar tabo a kan dubban motoci. Dabarun da suka yaɗu a garejoji, na cire tamostat wai don ƙasar zafi ce, da haɗa fanka kai tsaye, da zuba ruwan rijiya a lagireto, suna kawar da matsalar yau su haifar da ta baɗi: ruwa mara magani yana cin kan inji na alminiyam har gasket ya ƙone. Mafi tsanani shi ne abin da ya sami injekta. Idan V-Boot ta fara wahalar tashi da safe tana rawa a tsaye, sau da yawa laifin na wani ɗan rile ne mai fis a kansa, wanda ke ɓoye bayan batir, ko tiyon iska da ya tsage. Makanikin da ba shi da ma'aunin matsin mai sai ya kwance tsarin gaba ɗaya ya ɗora kafireto. Motar za ta tashi, amma za ta ƙara shan mai, ta rage ƙarfi, darajarta kuma ta faɗi. Haka giya mai canja kanta aka yi ta cire ta ana sa ta hannu, alhali sau da yawa canjin mai da matata take nema. Ba za a ɗora wa makaniki laifin duka ba, tunda mai motar ne ke cewa a yi masa na kuɗin da ke aljihunsa.

Zamanin ya fara ja da baya daga ɓangaren masana'anta. Fitowar Lexus LS400 a 1989 ta nuna cewa ana iya yin motar alfarma mai ƙarko da farashi ƙasa da na Jamus, Marsandi kuma ta shiga rage kuɗin ƙira. W140 ta 1991 ƙatuwa ce mai gilashi biyu-biyu da na'urori birjik, gyaranta ya fi ƙarfin albashi. Motocin farkon shekarun 1990, har da V-Boot na ƙarshe-ƙarshe, an sa musu wayoyin inji masu rufin da ke ruɓewa da zafi, sai ya marmashe wayoyi su haɗu. W210 mai zagayayyun fitilu, wadda ta fito a 1995, ta yi ƙaurin suna wajen tsatsa. W220 ta 1998 kuma a kan jakunkunan iska take tsaye, idan suka huje sai a wayi gari ta durƙusa. Daga nan gyara ya koma hannun mai kwamfutar bincike. Masu saye suka karkata ga Toyota Camry da Honda Accord da Lexus da ake kawowa daga Amurka.

Doka ma ta matse hanyar. A farkon shekarun 2000 gwamnatin Obasanjo ta hana shigo da motar da ta wuce shekara biyar, daga baya aka sassauta zuwa takwas, a 2010 aka kai goma sha biyar. Ko a mafi sassaucin, W123 da kusan duk V-Boot sun riga sun wuce layi. Daga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar tudu, a Agustan 2019 kuma aka rufe iyakokin. A Maroko, inda 240D ta yi shekaru talatin tana aikin tasi tsakanin garuruwa da fasinja shida, gwamnati ta fara biyan dirhami 80,000 daga 2014 ga duk wanda ya miƙa tasa a murƙushe ya sayi sabuwa.

A Turai kuwa abin ya juya. Tun 1997 Jamus take ba motar da ta cika shekara talatin, idan tana kan asalinta, lambar tarihi mai harafin H da harajin kusan yuro 192 a shekara, kamfanin Marsandi kuma yana da cibiyar tsofaffin motoci a Fellbach tun 1993. W123 da V-Boot masu tsabta sun koma hajar masu sha'awa, farashinsu ya tashi, mayankan da ke cika kwantenonin Beljiyam kuma sun daina samun irinsu da yawa. Cire tallafin fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ɗaga lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta haura 1,000 a 2024, gas kuwa ya riga ya daɗe ba shi da tallafi. Masu silinda shida da takwas da yawa sun koma motar Juma'a da ɗaurin aure, wasu an ɗora musu tukunyar iskar gas ta CNG a but, masu silinda huɗu irin su 190 da 230E kuma su ne suka fi saura a kan titi suna aikin yau da kullum.